Ba iska ba ce, ciwon gado ne a ƙwaƙwalwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan wani ciwo da muke ta ɗora wa aljanu da sammu alhali gadonsa ake yi. Akwai wani magidanci a unguwarmu, tela ne, ko shekara 45 bai kai ba amma yanzu hannunsa fizga yake da kansa, kofin shayi ma kafin ya kai baki rabi ya zube a riga, ga saurin fushi da ba a san shi da shi ba, kuma haka mahaifinsa ya yi har ya rasu. An sha rubutu an yi hayaƙi, har matarsa aka fara zargi, sai daga baya likita ya ce cutar Hantinton ce.

Tun 1872 wani likitan Amurka ya bayyana ta, a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, kuma in uba ko uwa na da ita to kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne har garkuwar jikin mutum na da hannu a ɓarnar. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikurogiliya, aikinsu su kwashe matattun ƙwayoyi su datse mahaɗar jijiyoyin da ba a buƙata. To a wannan ciwon sai su harzuƙa, su riƙa fitar da sinadaran kumburi suna cinye mahaɗar da take da rai tana aiki, kamar 'yan sintirin unguwa ne suka juya kan masu gida, su kuma jijiyoyin dama gurɓataccen furotin, wato wani sinadarin jiki da ƙwayar gadon nan ke sa a samar, ya riga ya raunana su sai su yi ta mutuwa. Hoton ƙwaƙwalwa ma ya nuna wannan harzuƙar na farawa tun mutum yana lafiyarsa ƙalau, alama ko ɗaya ba ta fito ba.

Har yanzu babu maganin warkewa, amma akwai masu rage fizgar da ƙuncin rai, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ga na koyarwa a Shika kusa da Zariya. Addu'a ba ta hana ganin likita ai.

Roƙona ku nemo likitan jijiyoyi ya yi wa jama'a bayani da Hausa a shafinku na lafiya, yadda aka dage kan sikila har gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare. Telan nan 'ya'yansa ƙanana ne, kuma sun cancanci a gaya musu gaskiya in sun girma.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna