A duba unguwannin da muke zaunar da tsofaffin da suka yi gudun hijira

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan tsofaffin da rikicin Boko Haram ya koro zuwa Gombe, musamman tun 2014, shekarar da aka ƙwace Gwoza. An sha maganar abincinsu da makwancinsu, amma ban ji mai tambayar wace irin unguwa aka zaunar da su ba.

Kawuna manomi ne daga Damboa. Da ya iso, ɗaki ɗaya aka kama masa a Bolari, banɗaki na haɗaka, ga sauro. Amma akwai darbejiya a ƙofar gidan, akwai dakali, masallaci kuma taku kaɗan ne. Kan a jima ya zama ɗan majalisa. Shi ake tambaya ko hadarin nan na ruwa ne ko na iska, har ya sami wani Babarbare mai goro da suke taɓa yarensu bayan La'asar.

Bara ɗansa ya gama gini a bayan Tumfure, ya ɗauke shi. Gida kam masha Allah, da tayil da fanka da rijiyar burtsatse, kuma ba na ganin laifin yaron, don alheri ya nufa. Sai dai an sare itatuwan wurin kaf kafin a yanka fuloti, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, maƙwabci sai dai ka ji ƙarar motarsa. Tsakanin gidan da masallaci akwai kwari, irin wanda zaizayar ƙasa ta addabi garin nan da shi, kuma da damina mai ciwon gwiwa ba ya gigin tsallakawa. Yanzu rediyo ne abokin hirar Kawu. Ya rame, magana ma sai an ja shi.

Na tsofaffin mata ya fi muni. A tsohuwar unguwa ana leƙo su barka da suna da gaisuwar mutuwa, a sabuwa kuwa sai a yi biki a layinsu ba su sani ba.

Roƙona ga masu yanka filaye da hukumar tsara birni: a riƙa barin inuwa da wurin zama a kowane layi, a kuma sa ƙananan gadoji a kan kwarurukan nan. Masu unguwanni da limamai su san baƙin tsofaffin da ke yankinsu, su aika a gaishe su. Mai gina gida kuma, don Allah, buhun siminti nawa dakali zai ci?

Naka,
Wani tela daga Bolari, Gombe