Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan mantuwar Hajiya

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki da yara. Na ji bayaninki kan Hajiya, uwar mijinki, cewa tana maimaita tambaya ɗaya ba adadi, ta kuma ɓata a hanyar gidan ƙanwarta. Masu cewa sammu ne da masu cewa gigin tsufa ne a ƙyale ta, duk ban bi bayansu ba. Tsufa kan sa mutum ya manta inda ya ajiye carbi, can ya tuna. Wadda raka'o'in sallar da ta shekara sittin tana yi suka fara rikice mata, ciwo ne ya taɓa ƙwaƙwalwarta.

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Fata da jini suna sabunta nasu kullum, amma yawancin na ƙwaƙwalwa da su aka haifi mutum, kuma wadda ta mutu ba a maye gurbinta. Ga su da ci: nauyin ƙwaƙwalwa kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Cikin kowace ƙwaya akwai mitokondiriya masu ƙona suga su samar da ƙarfi. Kamar murhun itace suke, ba wuta sai da hayaƙi, hayaƙin kuwa a hankali yake baƙanta ɗakin girki. Dafin da ƙunar ke fitarwa yana cin fatar ƙwayar da furotin ɗinta da kundin gadonta. Da ƙuruciya gyara yana kamo ɓarna. Shekaru na ja, gyaran na raguwa, mitokondiriyar da ta lalace kuma ta fi fitar da dafi, ƙarfin da take bayarwa kaɗan.

Ƙwaya tana da hanyar narkar da furotin da ya lalace. Binciken wannan hanya ne ya ba ɗan Japan Yoshinori Ohsumi kyautar Nobel a 2016. In hanyar ta yi rauni sai furotin ya dunƙule. A cutar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, iri biyu ne ke taruwa: amiloyid a tsakanin ƙwayoyi, tau kuma a cikinsu, inda yake sarƙewa ya tare hanyar da kayan aiki ke bi zuwa ƙarshen jijiya. Ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwa su taso don kwashewa, aikin ya ƙi ƙarewa, kumburin da suke tayarwa ya koma yana cin lafiyayyun maƙwabta. Ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sabon abu, shi ya sa Hajiya ke ba ki labarin aurenta tiryan-tiryan, amma ba ta san ko ta karya kumallo ba. Wannan taruwa tana somawa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar farko.

In ɓarnar ta faɗa wa ƙwayoyin da ke samar da dofamin, sinadarin da ke taimakawa wajen daidaita motsi, ciwon Parkinson ke nan: karkarwar hannu yana ajiye, sanyin motsi, sandarewar jiki, gajeren taku. Kafin ya bayyana, kusan rabin waɗannan ƙwayoyi ko fiye sun tafi.

Ciwon mantuwar da na fi zargi a ƙasarmu shi ne na hanyoyin jini. Hawan jini da ciwon suga da aka shekara ba a kula da su ba suna ƙuntata ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa, wurare ƙanana su mutu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɓarin jiki ya shanye ba. Sau da yawa kuma ana samunsa haɗe da na Alzheimer a mutum ɗaya.

Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Kada sunan Kware ya tsorata dangi, aikinsu ne. Ki tafi da duk magungunan da take sha a cikin leda ɗaya, har na gargajiya da na barci, tare da wanda zai iya faɗin lokacin da abin ya fara da yadda yake ƙaruwa. A auna jininta da suga, a duba bitamin B12 da aikin maƙoshin da ke kumbura ya zama maƙoƙo, a duba ji da gani. Ƙarancin B12, raunin wannan maƙoshi, ciwon damuwa, da jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa, duk suna kama da ciwon mantuwa, kuma suna da magani. In tana shan maganin suga na metformin da daɗewa, ki faɗa, don yana rage B12.

Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu wani abu ne daban, ta gaggawa ce. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara ko bushewar jiki sukan kawo ta. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda ya kamata, don haka a riƙa miƙa mata ruwa ba sai ta nema ba. Batun azumi ku haɗa likita da malami.

Magungunan ciwon mantuwa irin su donepezil da memantine suna ɗan rage alamu na wani lokaci, ba sa tayar da ƙwayar da ta mutu. Duk wanda ya ce yana da maganin wanke ƙwaƙwalwa, kuɗinku yake so. A gida kada a yi mata gardama in ta ce an sace mata kuɗi, a taya ta nema. A bar kayan ɗakinta yadda ta san su, a bar fitila da dare, a sa lambar waya a jikin mayafinta, kuma kada a tsare ta a ɗaki ita kaɗai. Ku raba jinyar da 'yan'uwan mijinki tun yanzu, don aikin shekaru ne.

Saura ke da mai gidanki. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda ake iya gyarawa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, kuma da dama cikinsu a tsakiyar rayuwa suke ɓarna. Ku riƙa awon jini, in ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama a fara magani, kada a daina don an ji sauƙi. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, har da na cikin dunƙulen miya. Tafiya da sauri minti 150 a mako. Shi kuma ya sa hular kwano in zai hau babur, ya rufe hancinsa da hannayensa in ana feshin maganin ciyawa a fadama.

Ki sanar da ni sakamakon gwajin. Ki gaida Hajiya da mai gidanki, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Mahaifinki,
Sakkwato