Sulhun Sudan ba zai yiwu a hannun masu ruwa da tsaki a yaƙin ba

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan yaƙin Sudan, wanda ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin ƙasar na Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF na Muhammad Hamdan Dagalo.

Zaman sulhu kam an yi shi har an gaji. A Mayun 2023 Saudiyya da Amurka suka tara wakilan ɓangarorin biyu a Jidda, aka sa hannu kan alƙawarin kare fararen hula, aka ƙara da tsagaita wuta na mako ɗaya, amma ƙarar bindiga ba ta lafa a Khartum ba. Ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka ta IGAD ta shiga tsakani, sojoji suka ce ba su amince shugaban Kenya William Ruto ya jagoranta ba. A Agustan 2024 aka kira wani zaman a Suwizalan, sojoji suka ƙi zuwa.

A ganina dalilin a fili yake. Babu janar ɗin da zai ajiye makami muddin ana ci gaba da aiko masa da sabo. Masar tana tare da sojoji. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa an daɗe ana zarginta da bai wa RSF makamai, duk da tana musantawa, kuma ta daɗe tana zama babbar kasuwar zinaren Sudan. To waɗannan ƙasashe biyu, tare da Amurka da Saudiyya, su ne huɗun da suka fito da shawarar tsagaita wuta na wata uku a Satumbar 2025. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wata na gaba El Fasher, babban birnin Darfur ta Arewa a yammacin Sudan, ta faɗa hannun RSF bayan ƙawanyar kusan shekara ɗaya da rabi, kuma labarin kisan da ya biyo baya ya isa ya hana mai imani barci.

Mu mutanen Gombe wannan ba labarin baƙi ba ne. A Burmi, nan kusa da Bajoga, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a yankin Sennar na Sudan. Jikokinsu suna can, tare da zuriyar mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa suka zauna. Yau da yawansu suna cikin miliyoyin da yaƙin ya raba da gidajensu.

Shirun Najeriya shi ne ya fi ci mini rai. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhun Darfur a 2006. Ba ta ɗore ba, domin ɓangaren Minni Minnawi kaɗai ya sa hannu cikin 'yan tawaye, amma dai mun san hanyar, kuma sojojinmu sun rasa rayukansu a garin Haskanita na Darfur a 2007 suna aikin kiyaye zaman lafiya. Ba mu neman zinaren Sudan ko tashar jirginta ta ruwa, don haka kowane ɓangare zai iya sauraronmu.

Ina kira ga Ma'aikatar Harkokin Waje ta kai maganar hana shigar da makamai gaban Tarayyar Afirka, ta kuma miƙa tayin karɓar zaman sulhu. Ku ma, Edita, ku tura wakilinku ya tambayi sanatocinmu na Gombe da Bauchi abin da suka faɗa a majalisa kan Sudan.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Bajoga, Jihar Gombe