Wasiƙa zuwa ga 'yata game da hotuna da labaran jikata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira ki a waya, domin ina so ki karanta wannan magana a natse, ki kuma sake karanta ta bayan zuciyarki ta kwanta. Maganar a kan babbar 'yarki ce, da abubuwan da kike sawa game da ita a Facebook da Instagram tun tana zanen goyo har yau da ta cika shekara goma sha huɗu.

A hutun da ta yi a wurina ta buɗe mini cikinta, kuma sai da na nemi amincewarta kafin na ɗauki alƙalami. Ba ta zarge ki da rashin ƙauna ba, ta san kina alfahari da ita. Abin da ta ce shi ne ta gaji da zama labari a bakin mutanen da ba ta taɓa gani ba. Bidiyon nan da kika ɗauka tana 'yar shekara shida, tana kuka da majina ana yi mata kitson Sallah, 'yan ajinsu sun tono shi, suna tura wa juna, har akwai masu kwaikwayon kukan idan ta shigo aji. Ta kuma ambaci takardar sakamakon jarrabawarta da kika ɗauki hoto kika sa, kina neman shawarar yadda za ki yi da ita saboda ta faɗi lissafi. Ke taimako kika nema, amma ita abin da ta gani shi ne an shanya rauninta a kasuwa, da sunanta da sunan makarantarta a jiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ta ce yanzu idan wani abu ya dame ta, sai ta auna shi tukuna: in ta faɗa miki, zai tsaya a ɗaki ko zai fita? Sau da yawa sai ta haɗiye. Ki dubi shekarunta, 'yata. Wannan ne lokacin da jikin yarinya yake canzawa, ƙawaye suke fara jan ta, samari suke fara tare ta a hanya, kuma shi ne lokacin da ta fi buƙatar uwar da za ta faɗa wa abin da ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Idan ta rufe miki wannan ƙofa saboda tsoron waya, za ta sami wanda za ta buɗe wa a waje, kuma ba ke za ki zaɓa mata shi ba. A ganina wannan asara ta fi tsokanar 'yan aji girma nesa ba kusa ba, domin tsokana za ta wuce da ƙarewar zango, amma sirrin da 'ya ta saba ɓoye wa uwarta da wuya ya dawo.

Na san za ki ce ke kika haife ta, kuma dangi na nesa suna jin daɗin ganin girmanta. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai haihuwa amana ta ɗora miki, ba ta mallaka miki labarinta ba, kuma dangi ba su kai dubu nawa da suke bin shafinki ba; ana iya tura musu hoto kai tsaye, su kaɗai. Ki tuna yadda muka taso, inda uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya. Ban ce a koma wannan zamani ba, amma a cikin wannan kawaici akwai wata kariya: yaro yana girma, ya yi fitsarin kwancensa da ƙiriniyarsa, a manta, ya tashi da mutuncinsa. Allah da kansa, a aya ta 58 ta Suratun Nur, ya koya mana cewa ko a cikin gida ɗaya akwai lokutan da ba a shiga wa mutum sai da izini, kuma Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya hana Yusuf bayyana mafarkinsa ga 'yan'uwansa na jini, alhali mafarkin alheri ne.

Kada ki ɗauka shagwaɓa ce ta jikata ita kaɗai. A shekarar 2019 fitacciyar 'yar wasan Amurka, Gwyneth Paltrow, ta sa hotonta da 'yarta a Instagram, sai yarinyar, wadda take sa'ar taki a lokacin, ta rubuta a ƙarƙashin hoton cewa sun riga sun yi magana kada a sa komai nata sai da yardarta. A watan Fabrairun 2024 Faransa ta kafa doka wadda ta wajabta wa iyaye kare hoton ɗansu, su kuma riƙa shawara da shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, har alƙali yana iya hana ɗaya daga cikin iyayen yaɗa hoton idan sun saɓa. Mu ma a nan Najeriya, sashe na 8 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya tabbatar wa yaro haƙƙin sirrinsa, ba tare da ya hana iyaye sa ido a kan tarbiyyarsa ba. Sa ido daban, tallata shi daban.

Akwai kuma batun tsaro. Hoton da aka ɗauka a ƙofar gida, da kayan makaranta masu tambari, da rubutun cewa ƙarfe nawa ake tashi, ya gama ba baƙo duk abin da yake nema, kuma kin san halin da ake ciki na satar mutane. Sannan magana zarar bunu ce: ko kin goge, wanda ya adana a wayarsa ya riga ya adana, kuma ranar da za a zo binciken aurenta ko ɗaukarta aiki, wannan tarin ne za a fara dubawa.

Shawarata ita ce ki sami lokacin da babu kowa, ki zaunar da ita, ki miƙa mata wayar, ku bi shafukan tun daga farko. Duk abin da ta ce a cire, ki cire, ba tare da kin tambaye ta dalili ko kin nuna ɓacin rai ba, ko da hoton da kika fi so ne. Daga nan kada ki ƙara sa komai nata sai kin nuna mata, kuma idan ta ce a'a, ki karɓa da fuska a sake, domin izinin da ake bayarwa saboda tsoron fushin uwa ba izini ba ne. Ƙannenta ba su kai su yi magana ba tukuna, saboda haka ke ce za ki tsaya musu: rashin lafiyarsu, da wankansu, da kukansu, da laifinsu, su tsaya a gida. Ina roƙonki kuma, kada ki yi mata faɗa don ta kawo ƙara wurina, ta yi ne saboda tana jin nauyinki.

Ki nuna wa mahaifinta wannan wasiƙa, ku yanke shawara tare. Ki gaishe mini da shi da yaran duka. Allah ya yi muku albarka, ya raya su a kan tafarki madaidaici.

Wassalam,
Mahaifiyarki