A Waiwayi Ƙananan Masu Rarraba Intanet a Garuruwanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wata sana'a da jama'a da dama ke cin moriyarta, amma kaɗan ne suka san irin ɗawainiyar da ke cikinta, wato sana'ar rarraba intanet ta iska zuwa gidaje da shaguna da makarantu. Ina cikin masu wannan sana'a a Zariya, na kuma shafe shekaru ina hawa ƙarfe ina ɗaura eriya da hannuna, saboda haka abin da zan faɗa abin da na gani ne da idona.

Yadda aikin yake shi ne, muna sayen intanet a sari daga manyan kamfanonin da ke da wayar fayiba, wato wayar da ke ɗauko intanet mai yawa da sauri daga nesa, su sauke mana shi a wuri guda, mu kuma mu ɗaura eriya a kan dogon ƙarfe ko saman bene mu tura shi zuwa ƙananan eriyoyin da muka kafa a rufin kwastomomi. Yawancin kayan da muke aiki da su na kamfanin MikroTik ne na ƙasar Latbiya da na Ubiquiti na Amurka, kuma suna da sharaɗi guda da ba a ketarewa: dole eriya ta hango 'yar'uwarta ba tare da wani abu ya shiga tsakani ba. Wannan sharaɗi shi ne mafarin wahala. Za ka haɗa wa mutum sabis da rani komai ya tafi daidai, amma da damina ta kankama, mangwaro ko darbejiyar maƙwabcinsa ta cika da ganye, sai sabis ya fara yankewa, musamman idan ganyen ya jiƙe da ruwa. Wani lokaci kuma wani ne zai tashi bene a tsakaninku, dole ka sayi ƙarin bututu ka ɗaga eriyar da kuɗinka, domin shi kwastoma sabis ya biya, ba ruwansa da bene. Ga kuma cunkoso a zangon gigahaz 5, wato mitar iska da eriyoyin kowa ke aika sigina a kanta, inda masu sana'a uku ko huɗu za su ɗaura eriyoyi a saman gini ɗaya, siginar kowa tana danne ta ɗan'uwansa.

Su wane ne ke saye a wurinmu? Masu shagunan buga takardu da cike fom, cibiyoyin da ɗalibai ke koyon jarrabawar JAMB a kwamfuta, ƙananan asibitoci da shagunan magani, makarantu masu zaman kansu, da gidajen haya na ɗalibai a Samaru da Kongo. Waɗannan mutane ne da datar waya ba ta isarsu, ko kuma take yi musu nauyi da yamma idan kowa ya hau layi, ba su kuma kai girman da babban kamfani zai ja musu wayar fayiba har ƙofa ba. Mu ne ke tsaye a wannan tsakanin.

Matsala ta farko da ba a gani da ido ita ce nisa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke kawo wa Nijeriya intanet, irin su MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano na kamfanin Google, a Legas suke sauka. Kafin intanet ɗin ya ratso ɗaruruwan kilomitoci ya iso Zariya, kuɗin dakonsa ya hau kansa, shi ya sa abin da takwarana na Ikeja ke saye da sauƙi ni nake sayensa da tsada, alhali kwastomomina ba su kai nasa ƙarfin aljihu ba. Kuma duk inda masu aikin hanya suka tsinke waya a tsakani, mu ne za mu kwana muna amsa kira. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, na wuni ina ba mutane haƙuri a kan abin da ya faru a ƙarƙashin tekun da yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

Amma idan aka tambaye ni abin da ya fi cin jarin wannan sana'a, zan ce wutar lantarki ce. Eriya ba ta shan wuta da yawa, sai dai ba ta yarda a ɗauke mata ko na minti ɗaya, domin da ta mutu duk wanda ke ƙarƙashinta ya rasa sabis. Don haka kowane ƙarfe sai an haɗa masa faifan sola da batura da inbata, wani wurin har da janareto na ko-ta-kwana. Zafin watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, yana dafa batura masu ruwa har su mutu tun wa'adinsu bai cika ba, baturan litiyam masu jure wahala kuwa sai mai babban jari. Da hunturu ƙura ce ke lulluɓe faifan sola, hazo kuma ya rage hasken rana, sai ka ga batir bai cika ba har magariba, kafin asuba ya sauka. Dole a riƙa tura yaro yana hawa yana gogewa kusan kullum. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sa'an nan a watan Oktoba na shekarar Arewa ta shafe kwanaki a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta. A waɗannan kwanaki na ga abokan sana'a da suka kashe wasu daga cikin eriyoyinsu da gangan domin kuɗin man janareto ya fi abin da suke karɓa, wasu kwastomomin da suka tafi a lokacin har yau ba su dawo ba.

Damina kuma da nata. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a unguwa shi aradu ke fara samu, idan kuma ta faɗo takan bi waya ta ƙone eriya, ta gangaro ta ƙone na'urar da ke rarraba layuka, wani lokaci har rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ɗakin kwastoma. Maganin abin shi ne a binne sandar tagulla a haɗa ta da ƙarfen, amma ita tagullar ce ɓarayi suka fi so, tare da batura da faifan sola. Na taɓa zuwa wani ƙarfe da sassafe na tarar an ɓalle akwatin an kwashe baturan da ban gama biyan bashinsu ba.

Duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin watan Yuni 2023 farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba, amma zuwa farkon 2024 ya haura naira 1,500. Ma'ana eriyar da ta ƙone a daren ruwa ɗaya sai an biya kusan ninki uku kafin a maye gurbinta, a daidai lokacin da cire tallafin man fetur ya sa zirga-zirgar gyara ma ta yi tsada. A watan Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, manyan kamfanoni suka samu sauƙi. Mu kuwa da muke zaune unguwa ɗaya da kwastomominmu, muke haɗuwa a masallaci da wurin suna, ƙarin kuɗi ba abu ne da ake yi da sanarwa ɗaya ba. Wanda ka ƙara wa zai ce a cire eriyar ya koma datar waya, wanda ya ci bashin wata biyu kuma kunya ba za ta bari ka yanke masa ba.

Tun da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu 2023, manyan kwastomomi irin su otal-otal da ofisoshin ƙungiyoyi suka fara komawa can. Ba na ganin laifinsu, kowa na neman abin da ya fi masa. Abin lura kawai shi ne, kuɗin da irin waɗannan ke biya shi ne yake ba mu damar sayar wa mai ƙaramin shago da rahusa, idan suka tafi kuma nauyin ƙarfen gaba ɗaya kan ƙananan yake komawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawan haraji. Bayan lasisi da harajin da doka ta sani, ana zuwa mana da takardu daga ofisoshi dabam-dabam, wannan na muhalli, wancan na tsara gari, wani na ƙaramar hukuma, kowa da rasit ɗinsa, kuma ana yi wa ɗan ƙarfenmu kuɗi kamar hasumiyar babban kamfanin waya mai miliyoyin masu amfani. An taɓa rufe mini wurin aiki da kwaɗo a kan kuɗin da na riga na biya wani ofishi, sai da kwastomomi suka kwana biyu babu sabis kafin a warware. Na yaba wa Jihar Kaduna da ta yafe kuɗin izinin binne wayar fayiba a 2020, alhali naira 145 a kan kowace mita aka amince jihohi su riƙa karɓa. Sai dai wannan sauƙi masu haƙa rami ya shafa, mu da muke aiki ta sama bai iso gare mu ba.

Ba zan ɓoye namu laifin ba. Akwai masu sayen intanet kaɗan su raba wa mutane fiye da ƙima, akwai masu tura yara saman ƙarfe ba igiyar kariya ba hular kwano, kuma har yanzu mun kasa zama wuri guda mu raba zango a tsakaninmu domin mu daina danne juna. Wannan gyaran namu ne, ba sai mun jira gwamnati ba.

Roƙona ga hukuma shi ne a riƙa tunawa da mu a lokacin rabon sauƙi kamar yadda ake tunawa da mu a lokacin karɓar haraji. Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, ya sanar da shirin shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Idan wannan waya ta ratsa Zariya da Funtuwa da Kafanchan, a buɗe wuraren sauke intanet a cikin garuruwan, a kuma bayyana farashi ɗaya ga babba da ƙarami, kada ta wuce ta gabanmu mu ci gaba da saye a hannu na uku. Gwamnatocin jihohi su haɗe harajin ƙarfe ya zama guda ɗaya gwargwadon girman mai sana'a, su kuma ba mu hayar saman tankokin ruwa da dogayen gine-ginen gwamnati, mu kuma mu ba makaranta ko asibitin da ke kusa sabis a madadin wani ɓangare na kuɗin. Asusun USPF da aka kafa domin kai sadarwa inda ba ta kai ba ya buɗe ƙofa ga ƙananan masu lasisi, ko da da rancen sola da batura ne. Umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, a fayyace wa jami'an tsaro cewa ya haɗa da ƙarfen ɗan kasuwa na unguwa, domin wanda ya kai ƙarar satar batir a saurare shi.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Mai rarraba intanet,
Sabon Gari, Zariya.