Rahoton aikin shekara na ƙungiyarmu ta tsofaffin ƴan kolej, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa mambobi, manyanmu da ƙannenmu, na gida da na Yamai da waɗanda ke can Abijan. Ga abin da munka yi bana tun daga shiga lakol a watan Oktoba har zuwa jarabawar BEPC, ta ƙarshen kolej.

Babban aikin shi ne darasin rubutun muhawara da munka riƙa yi ma yaran katriyem da turwaziyem, azuzuwa biyu na ƙarshen kolej, ran Asabar da marece. A waɗannan azuzuwan ne ake fara ce ma yaro faɗi ra'ayinka ka kare shi, kuma nan ne da yawa ke kafewa, yaron da in ka same shi a fada ana gardamar kokowa ko ƙwallo ba mai kada shi, amma a ba shi bik da kaye a ce rubuta da Faransanci sai ya yi tsit yana kallon tablo.

Shi ya sa munka juya abin. Sai a fara yin gardamar da baki da Hausa, a raba aji biyu, sannan kowa ya zauna ya rubuta. Wasu malaman lakol ba su so haka ba da farko, sun ce ai jarabawa ba da Hausa ake yi ba, gaskiyarsu ce, amma yaron da bai san me yake son faɗi ba ko da harshen uwarshi to Faransanci ba zai ba shi ba.

Abin da munka nace a kai kaɗan ne: gabatarwa ta nuna batun da inda ka tsaya, kowane sakin layi hujja guda da misalinta, ka kawo maganar abokin gardama ka amsa mata, sannan ka rufe ba tare da jawo sabuwar hujja ba. Inda munka sha wuya shi ne raba hujja da misali. Ranar da anka ba su batun tafiya bida ko zama karatu, kusan duk ajin abu guda sunka rubuta, kawuna ya tafi Abijan ya dawo ya gina gidan siminti. Wannan labarin kawunka ne, ina dalilin? Sai da wata yarinya ta ce to wanda ya tafi ya dawo hannu wofi fa, shi ba kawun wani ba ne? Daga nan kan ya fara wayewa. Kalmomin haɗa magana na Faransanci irin su d'abord, ensuite, cependant kuwa sun haddace su tsaf, har suna zuba su inda ba a bukata kamar yaji a tuwo.

Batun waya a lakol da na auren wuri su ma an taɓa su, na biyun iyaye mata sun zo sun saurara.

Lokacin zafi wajen Afirilu zuwan yara ya ragu ƙwarai, kuma gasar muhawara da munka yi alkawari bara ba a yi ta ba, laifinmu ne mu ƴan biro, ba mu nemi wuri da wuri ba. Kuɗin kotizasiyo kaye da alli da fotokopi sunka tafi, ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla ranar taro. Masu bashin wata da watanni kun san kanku, don Allah a biya kafin Oktoba, kuma muna neman mutum biyu ko uku masu gyaran kofi, wato duba rubutun yara, don malamanmu sun gaji da kwasar kaye zuwa gida.