Abin da ya sa Sinawa ke ɗari-ɗari da abincin GMO

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina so in tofa albarkacin bakina kan matakin da gwamnatin Sin ta ɗauka a ƙarshen 2023 na amincewa da irin masara 37 da na waken suya 14 da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wato GMO. Wasu na cewa rashin sani ne ya sa Sinawa da yawa ke ƙyamar wannan abinci. A ganina, rashin yarda da hukuma ne.

Iyayen da suka ga badaƙalar madarar jarirai ta 2008, inda sinadarin melamin da aka zuba a madarar ya jefa yara kusan 300,000 cikin rashin lafiya, ba su manta ba. Sai ga shi a 2012 an gano cewa an ciyar da 'yan makaranta a lardin Hunan shinkafar gwaji ta GMO ba tare da an yi wa iyayensu cikakken bayani ba. Shi ya sa uwa a kantin Beijing takan juya galan ɗin man girki tana neman rubutun da ke cewa babu GMO a ciki, alhali waken suyar da ƙasar ke shigowa da shi daga Brazil da Amurka akasarinsa irin wannan ne.

Mu ma a Najeriya, tun da an saki masarar GMO mai suna TELA a 2024, ina roƙon hukumominmu su tilasta rubuta bayani a jikin buhu da kwali, da Hausa da sauran harsunanmu, su kuma bayyana sakamakon gwaje-gwajensu a gidajen rediyo.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya